Jim Gray: Masanin da ya shimfiɗa ƙa'idojin aikin bayan fage a rumbun bayanai

James Nicholas Gray, wanda masana kimiyyar kwamfuta suka fi sani da Jim Gray, Ba'amurke ne da ya shafe sama da shekara 35 yana neman amsar tambaya guda: ta yaya za a damƙa wa na'ura amanar lissafin dukiyar jama'a, alhali na'ura tana lalacewa, wutar lantarki tana ɗaukewa, masu kula da ita kuma 'yan Adam ne da ba su wuce kuskure ba? Amsoshin da ya tattara shi da abokan aikinsa su ne a yau suke riƙe da rumbunan bayanai na bankuna da kamfanonin jiragen sama da hukumomin biyan albashi. Ɗan kasuwar da ya ga saƙon shigar kuɗi ya miƙa kaya hankali kwance, da ma'aikacin da albashinsa ya sauka a asusu cikin dare ba tare da wani akawu yana zaune a ofis ba, duk sun dogara ne da wasu ƙananan manhajoji da ke aiki a bayan fage cikin rumbun bayanai, ba dare ba rana. Tarihin Gray shi ne tarihin yadda aka sa wa wannan aiki na ɓoye doka da oda.

Haihuwa da karatu

An haife shi ranar 12 ga Janairun 1944 a birnin San Faransisko da ke Jihar Kalifoniya. Mahaifinsa soja ne, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta. Aikin soja ya kai iyalin birnin Rum na ƙasar Italiya tun yana jariri, don haka da Italiyanci ya fara buɗe baki kafin Ingilishi. Bayan sun koma Amurka sun zauna a Jihar Bajiniya na wasu shekaru, daga bisani auren iyayensa ya mutu, shi kuma ya koma San Faransisko a hannun mahaifiyarsa.

Ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1961. Karatun bai fara masa da sauƙi ba, domin har ya taɓa barin jami'ar na wata shida kafin ya dawo ya mayar da hankali kan lissafi. Ya kammala digirin farko a 1966, ya yi aiki na ɗan lokaci a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Jihar New Jersey, sannan ya koma Berkeley inda ya samu digirin digirgir a 1969, yana cikin na farko-farko da jami'ar ta ba wannan digiri a fannin kimiyyar kwamfuta. Bincikensa a lokacin kan harsunan rubuta manhaja ne, bai shafi adana bayanai ba. Sai da ya kama aiki a sashen bincike na kamfanin IBM, ya kuma koma cibiyar kamfanin ta San Jose a farkon shekarun 1970, sannan ya haɗu da matsalar da za ta ci rayuwarsa.

Abin da ya tarar a IBM

A 1970, wani masanin lissafi ɗan asalin Ingila da ke aiki a wannan cibiya, Edgar Codd, ya wallafa maƙalar da ta kawo sabuwar hanyar tsara bayanai. Ya ce a zuba komai cikin jadawalai masu sahu-sahu: jadawalin masu asusu daban, na rassan banki daban, na shige da ficen kuɗi daban, sannan a danganta su da juna ta hanyar wata lamba da suka yi tarayya a kai, kamar lambar asusu. Wannan shi ne rumbun bayanai mai jadawalai masu alaƙa. Tunanin ya yi kyau a takarda, amma mutane da dama sun yi shakkar ko zai iya ɗaukar nauyin aikin banki na gaske. Domin gwada shi IBM ya kafa wani shiri mai suna System R, inda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen tambayar bayanai da daga baya aka sani da SQL. Gray yana cikin waɗanda aka ɗora wa ɓangaren da ba a gani, wato abin da zai faru idan mutane da yawa suka taɓa bayani guda a lokaci guda, ko kuma na'ura ta mutu ana tsakiyar aiki.

Misali zai fayyace girman matsalar. A ce asusu yana da Naira 100,000, sai aka nemi cire Naira 80,000 a wani reshe, a daidai wannan daƙiƙa kuma aka nemi cire wata Naira 80,000 a wani reshen. Idan kowane ɓangare ya karanta abin da ke asusun kafin ɗayan ya rubuta nasa, duka biyun za su ga kuɗi sun isa, banki kuma ya yi asarar Naira 60,000. Ga kuma wata: tura kuɗi aiki biyu ne, a cire daga asusun mai turawa, a zuba a na mai karɓa. Idan wuta ta ɗauke tsakanin matakan biyu, kuɗin sun bar nan ba su isa can ba.

Maganin da Gray da abokan aikinsa suka tsara shi ne a ɗauki dukan matakan a matsayin dunƙulalliyar hada-hada guda, wadda ko dai ta tabbata gaba ɗaya, ko kuma a warware ta kamar ba a taɓa fara ta ba. A wata maƙala da ya gabatar a 1981 ya nuna cewa tushen wannan tunani yana cikin dokar ƙulla yarjejeniya tsakanin mutane, har ya ba da misali da ɗaurin aure, inda ba a shelanta ƙulluwarsa sai an ji amincewar ɓangarorin biyu a gaban shaidu. A 1983 wasu masana biyu Jamusawa, Theo Härder da Andreas Reuter, suka taƙaita siffofin irin wannan hada-hada cikin haruffa huɗu, ACID: ba ta rabuwa, tana barin lissafi a daidaice, ba ta cakuɗuwa da wata da ke gudana tare da ita, kuma idan ta tabbata ba ta gogewa.

Kwaɗo da rajista

Makamai biyu ne suka sa wannan alkawari ya yiwu. Na farko shi ne kwaɗo. Duk hada-hadar da za ta taɓa wani bayani sai ta fara kulle shi, wanda ya zo daga baya ya jira. A wata maƙala ta 1976, Gray tare da Kapali Eswaran da Raymond Lorie da Irving Traiger sun tabbatar ta hanyar lissafi cewa muddin kowace hada-hada ta gama ɗaukar kwaɗunan da take buƙata kafin ta fara sakin ko ɗaya, sakamakon zai fito tamkar an yi ayyukan ne ɗaya bayan ɗaya, ko da kuwa dubbai ne suke gudana tare. Sun kuma yi nazarin girman abin da ya kamata a kulle. Rufe ƙofar kasuwa gaba ɗaya saboda mutum guda yana ƙirga kayan shagonsa zalunci ne ga sauran jama'a. Sa wa kowane kwali kwaɗo kuma wahala ce marar amfani. Sai suka fito da tsarin matakai, inda ake iya kulle sahu guda, ko jadawali guda, ko rumbun baki ɗaya, tare da barin alama a matakin sama cewa akwai mai aiki a ƙasa.

Makami na biyu shi ne rajista. Kafin a canza komai a ainihin jadawalin da ke kan faifai, sai an fara rubuta bayanin canjin a wani kundi da ake ƙara wa rubutu a ƙarshensa kawai, mai ɗauke da yadda abin yake a da, da yadda zai koma. Ba a sanar da mai asusu cewa aikinsa ya kammala sai rubutun rajistar ya sauka kan faifai. Idan na'ura ta mutu ta farfaɗo, sai ta buɗe rajistar ta maimaita duk hada-hadar da ta kammala, ta warware duk wadda ta tsaya a rabi. Ba Gray ne ya fara amfani da rajista a kwamfuta ba, amma dogon rubutun da ya fitar a 1978 kan tsarin tafiyar da rumbun bayanai shi ne ya tattara waɗannan dabaru wuri guda, ya ba su suna da ƙa'ida, har ɗalibai da injiniyoyi suka riƙa koyo daga gare shi shekara da shekaru. A ciki ne kuma ya bayyana yadda rumbuna biyu ko fiye da ke wurare daban-daban za su amince da hada-hada guda ta hanyar zagaye biyu: a fara tambayar kowa ko ya shirya, sai kowa ya amsa sannan a ba da umarnin tabbatarwa.

Hadiman da ba a gani

Waɗannan ƙa'idoji ba sa aiwatar da kansu. Rumbun bayanai na zamani yana ɗauke da rukunin ƙananan manhajoji da ke tashi tare da shi, ba sa tsayawa sai ya tsaya, ba kuma wani mai amfani da ke kiran su. Za a iya kiran su hadiman bayan fage, kuma kowannensu yana cika wani sharaɗi ne daga cikin waɗanda aka ambata.

Akwai mai rubuta rajista, wanda ke kwashe abin da ya taru a ƙwaƙwalwar na'ura yana sauke shi kan faifai. Sau da yawa yakan haɗa rubutun hada-hada da dama ya sauke su a tafiya guda, kamar yadda mai kai kuɗi banki ba ya tashi saboda cinikin mutum ɗaya. Akwai mai sauke shafukan jadawalin da aka canza, wanda ke yin nasa aikin a hankali tun da rajista ta riga ta tsare gaskiyar lamarin. Akwai mai kafa zango: lokaci zuwa lokaci yakan tabbatar duk canjin da aka yi zuwa wani matsayi ya sauka, ya sa alama a rajista, domin idan aka samu matsala a fara gyara daga zangon ƙarshe maimakon karanta rajistar wata da watanni. Tazarar da ke tsakanin zango da zango ita ke yanke ko banki zai farfaɗo cikin daƙiƙoƙi ko cikin sa'o'i.

Haka nan dole a samu mai raba cirko-cirko. Yakan faru hada-hada ta farko ta kulle asusun Audu tana jiran na Bala, ta biyu kuma ta kulle na Bala tana jiran na Audu. Babu wadda za ta motsa har abada. Rumbun yakan duba jerin masu jiran juna, idan ya ga sun yi da'ira sai ya zaɓi ɗaya ya warware ta, a sake ta daga farko. Akwai kuma mai shara, wanda ke bin jadawalai yana kwashe tsofaffin sahu da aka goge ko aka sauya domin a sake amfani da gurbinsu. Muddin ɗaya daga cikin waɗannan hadimai ya tsaya ba a lura ba, faifai zai cika ko aiki ya yi nauyi, sai mutanen da ke tsaye a gaban na'urar cirar kuɗi su ji a jikinsu. Wannan ne ya sa tambayar da Gray ya fuskanta a mataki na gaba na rayuwarsa ta zama ta yadda za a hana aiki tsayawa.

Shekaru goma a Tandem

A 1980 ya bar IBM ya koma Tandem Computers, kamfanin da aka kafa a 1974 a Kalifoniya domin ƙera kwamfutocin da ake kira NonStop, waɗanda bankuna da kasuwannin hannayen jari ke saya saboda ba a son su tsaya ko na minti ɗaya. Dabarar kamfanin ita ce kowane abu a yi shi biyu: faifai biyu, hanyar sadarwa biyu, kowace muhimmiyar manhaja kuma tana da mataimakiya a wata na'urar, mai jiran ta karɓi aiki da zarar ta farko ta faɗi.

A 1985 Gray ya yi abin da kamfanoni ba su cika yarda a yi ba: ya tattara rahotannin lalacewar da abokan cinikin kamfanin suka kawo cikin wata bakwai daga tsarin kwamfuta sama da 2,000, ya rarraba su bisa dalili, ya wallafa sakamakon. Abin da ya fito ya saɓa wa zaton jama'a. Lalacewar ƙarafan na'ura ita ce sanadin kusan kashi 18 cikin 100 kawai. Kurakuran manhaja sun kai kashi 25, yayin da ayyukan masu kula da na'urorin, wato gyara da saiti da tafiyarwa, suka kai kashi 42. Ya ma yi gargaɗin cewa alƙaluman kuskuren ɗan Adam za su fi haka a zahiri, tun da ba kowa ke kai rahoton laifin kansa ba. Darasin da ya fitar shi ne a rage abin da sai mutum ya sa hannu, a bar tsarin ya riƙa kula da kansa.

Ya kuma lura cewa yawancin kurakuran da suka rage a manhajar da aka daɗe ana amfani da ita masu wucewa ne: sukan bayyana idan wasu abubuwa suka haɗu a wani lokaci na musamman, idan aka sake aikin kuma ba sa dawowa. Ya yaɗa musu sunan Heisenbug, daga sunan masanin kimiyyar Jamus Werner Heisenberg, saboda sukan ɓace da zarar an tsaya duba su. Da ya bincika rahoton manhajar da ke jera takardun da za a buga a firinta, wadda ita ma hadimar bayan fage ce, ya samu kuskure 132, ɗaya ne kawai ya sake bayyana bayan mataimakiya ta karɓi aikin. Daga nan ya ba da shawarar da har yau ake bi: hadimin da ya ga abin da bai gane ba ya tsaya nan take maimakon ya ci gaba da ɓarna, a warware hada-hadar da ke hannunsa, wani sabo ya tashi ya ɗauki aikin daga farko. Ba sai sabon ya san inda na farko ya tsaya ba, domin rajista ta riga ta mayar da komai yadda yake.

Ma'auni da lissafin riba

Gray mutum ne mai son awo. A zamanin kowane kamfani yana iƙirarin kwamfutarsa ta fi sauri, ba tare da wani mudu da aka yarda da shi ba. A 1985 ya jagoranci masana sama da 20 daga kamfanoni da jami'o'i suka wallafa maƙala a mujallar Datamation ba tare da bayyana sunayensu ba, inda suka kafa ma'auni bisa aikin banki mafi sauƙi: a canza asusun mutum, da lissafin akawun da ya karɓe shi, da na reshe, a rubuta tarihin abin da aka yi. Sharaɗin shi ne kashi 95 cikin 100 na ayyukan su kammala cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a bayyana kuɗin da tsarin zai ci cikin shekara biyar. Wannan ya share hanyar kafa majalisar TPC a 1988, wadda ke tantance irin waɗannan gwaje-gwaje, har mai saye ya samu damar kwatanta farashi da aiki.

A 1987 shi da Gianfranco Putzolu suka fitar da ƙa'idar minti biyar. Ƙwaƙwalwar na'ura tana da sauri amma da tsada, faifai yana da araha amma da nawa. Bisa farashin wancan lokaci suka lissafa cewa duk bayanin da ake nema aƙalla sau ɗaya cikin minti biyar ya fi riba a bar shi a ƙwaƙwalwa, sauran a mayar faifai. Lissafi ne irin na mai shago da ke ajiye kayan da suka fi tafiya a gaban kanta, ya bar masu jinkirin fita a sito. A wannan shekarar ce kuma Tandem ya fitar da NonStop SQL, wanda ya nuna cewa rumbu mai jadawalai zai iya ɗaukar aikin da ba ya tsayawa. Bayan ya koma kamfanin Digital Equipment a 1990, shi da Andreas Reuter suka wallafa littafi mai shafi sama da 1,000 kan sarrafa hada-hada, wanda ya zama madogarar fannin.

Muhawarar layin jira

Ba kowane aiki ake yi nan take ba. Biyan albashin dubban ma'aikata, aika saƙon shigar kuɗi zuwa waya, lissafin ƙarshen rana, duk ayyuka ne da ake jerawa a layi, wasu hadimai su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. A farkon shekarun 1990 kamfanoni sun fara sayar da manhajoji na musamman domin riƙe wannan layi a wajen rumbun bayanai. A 1995, shekarar da ya koma Microsoft, Gray ya rubuta gajeriyar maƙala yana mai cewa layin jira shi ma rumbun bayanai ne, kuma wurin da ya fi dacewa da shi shi ne cikin rumbun.

Hujjarsa a fili take. Layin da ke ɗauke da umarnin biyan kuɗi yana buƙatar tsaro, da sa-ido, da farfaɗowa bayan matsala, kuma duk rumbun ya riga ya mallaki waɗannan. Gina su a karo na biyu ɓarnar ƙarfi ce. Bugu da ƙari, idan layin da asusun suna gida ɗaya, cire aiki daga layi da aiwatar da shi za su shiga cikin hada-hada guda. Hadimin da ya ɗauki umarnin biyan wani ma'aikaci ya mutu a rabi, umarnin zai koma layi, asusun ya koma yadda yake, ba a biya sau biyu ba, ba a kuma tsallake kowa ba. Ya nuna abubuwan da rumbunan lokacin suka rasa kafin su iya wannan aiki. Na farko, hanyar da hadimi zai tsallake sahun da wani ya riga ya kulle ya ɗauki na gaba, maimakon duka su yi cincirindo a bayan aiki guda. Na biyu, hanyar tayar da hadimi idan sabon aiki ya shigo, domin kada ya yi ta leƙen layi babu gaira babu dalili. Na uku, tsarin ƙara yawan hadimai idan layi ya yi tsawo, a rage su idan ya ragu.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna manyan rumbuna sun bi wannan hanya. Oracle ya saka tsarin layi a cikin rumbunsa a 1997. SQL Server na 2005 ya zo da Service Broker, mai tayar da aiki da kansa idan saƙo ya iso. PostgreSQL, wanda kyauta ake amfani da shi, ya ba masu rubuta manhaja damar kafa nasu hadiman bayan fage a 2013, ya ƙara umarnin tsallake kulallen sahu a 2016, MySQL kuma ya ƙara irinsa a 2018.

Duk da haka muhawarar ba ta mutu ba. Aikin da ya daɗe yana gudana a cikin rumbu yana riƙe kwaɗo, yana hana mai shara aikinsa, yana kuma cin ƙarfin na'urar da masu asusu ke jira. Shi ya sa kamfanonin da saƙonninsu suka yi yawa ƙwarai sukan fitar da layin zuwa manhajoji irin su Kafka da RabbitMQ. Gray da kansa ya amince tun a maƙalarsa ta 1981 cewa tsarin hada-hada yana da iyaka idan aiki zai ɗauki kwanaki ko ya ratsa hukumomi daban-daban, inda ya ba da misali da mai shirya wa matafiyi tikitin jirgi da ɗakin otal. A irin wannan hali ba a iya kulle komai har a gama. Sai dai a yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a tanadar mata matakin da zai rama ta idan tafiyar ta lalace a gaba. Mayar da kuɗi asusun mutum bayan turawar da ba ta isa wani banki ba misali ne na wannan ramuwa.

Daga asusun banki zuwa taurari

A Microsoft ya jagoranci wata ƙaramar cibiyar bincike a San Faransisko, inda ya juya ga manyan bayanan kimiyya. A 1998 shi da abokan aikinsa suka buɗe TerraServer, wanda ya ɗora hotunan doron ƙasa da aka ɗauka daga jiragen sama da taurarin ɗan Adam a intanet, shekaru kafin fitowar Google Earth. A shekarar ce aka ba shi lambar yabo ta Turing, mafi daraja a kimiyyar kwamfuta, saboda gudummawarsa ga rumbun bayanai da sarrafa hada-hada. Daga nan ya haɗa kai da masanin taurari Alex Szalay na Jami'ar Johns Hopkins suka gina SkyServer, wanda ya ba kowane ɗalibi damar bincika bayanan miliyoyin taurari da harshen SQL. Abokan aikinsa sun shaide shi da karanta rubutun matasan masu bincike, ko da na kamfanonin da ke gasa da nasa ne, da kuma matsa wa kowa ya rubuta abin da ya gano. A ranar 11 ga Janairun 2007 ya gabatar da jawabi kan yadda tarin bayanai ke zama sabuwar hanyar yin kimiyya, wanda daga baya ya zama tushen wani littafi da aka wallafa a 2009 domin tunawa da shi.

Ɓatansa a teku

Ranar Lahadi 28 ga Janairun 2007, yana da shekara 63, ya fita shi kaɗai daga San Faransisko cikin jirgin ruwansa mai tafiya da iska, Tenacious, mai tsawon ƙafa 40. Ya nufi tsibiran Farallon, tafiyar fiye da kilomita 40 daga gaɓa, domin watsa tokar gawar mahaifiyarsa a teku bisa al'adar wasu mutanen ƙasar. Gogaggen matuƙi ne, yanayi kuma yana da kyau, amma bai dawo ba, ba a kuma ji wani kiran neman agaji daga jirgin ba. Dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka sun yi kwana huɗu suna nema da jiragen sama da na ruwa ba su ga komai ba.

Daga nan abokansa da ɗalibansa daga kamfanoni da jami'o'i suka ɗauki nauyin neman. Aka sa tauraron ɗan Adam na kamfanin DigitalGlobe ya ɗauki hotunan yankin, aka yayyanka su zuwa ɗaruruwan dubban ƙananan hotuna, aka ɗora a dandalin Mechanical Turk na Amazon, inda dubban masu sa-kai suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya suna dubawa. An ci gaba da bincike a ƙarƙashin ruwa har ƙarshen watan Mayun shekarar, ba a samu ko ɓallin katako ba. Jami'ar Berkeley ta shirya taron karrama shi ranar 31 ga Mayun 2008, kotu kuma ta ayyana shi a matsayin mamaci a 2012, bayan cikar shekara biyar da ɓatansa.

Microsoft ya sadaukar masa da manhajar kallon sararin samaniya ta WorldWide Telescope, ya kuma buɗe cibiyar bincike da sunansa a birnin Madison na Jihar Wisconsin a 2008. Ƙungiyar masana rumbun bayanai ta SIGMOD tana ba da kyauta da sunansa duk shekara ga kundin digirin digirgir mafi inganci a fannin. Kamfanin Tandem ya shiga hannun Compaq a 1997, daga baya Hewlett-Packard, amma har yanzu ana sayar da na'urorin NonStop ga bankuna da kamfanonin katin biyan kuɗi. Ƙa'idojin kwaɗo da rajista da zango da aka rubuta a San Jose a shekarun 1970 kuwa suna cikin darussan farko da ake koya wa duk wanda za a ba riƙon rumbun bayanai na banki ko na ma'aikata.